Hankakan da ya tashi mamaci: abin da na gani a littafin The Crow

Yau daga gida Dagumawa nake muku magana, in kun ji carar zakara ko ƙarar babur a bayana ku yi haƙuri, ɗakina ne sutudiyon. Wasunku sun ce na cika zancen siyasa, to yau littafi na kawo muku.

Sunansa The Crow, wato Hankaka. Labari ne mai zane, irin wanda hoto ke ba da labari, maganar mutum kuma tana rubuce a saman kansa. Kada ku ji zane ku ɗauka na yara ne. Akwai jini a ciki, akwai fyaɗe, akwai shan ƙwaya. Kar ka miƙa wa ƙaramin ƙaninka.

Wanda ya zana shi wani Ba'amurke ne ɗan birnin Detroit, James O'Barr. Yana saurayi wani direba da ya sha ya bugu ya kaɗe yarinyar da zai aura, ta mutu. Ya rasa inda zai sa kansa, ya shiga soja, aka tura shi Jamus. A can ya fara zanen a 1981, littafin bai fito ba sai 1989. Shekara takwas mutum yana zana baƙin cikinsa da baƙin tawada a kan farar takarda, babu wani launi.

Labarin gajere ne. Eric da Shelly masoya ne, aure ya kusa. Motarsu ta lalace a hanya, wasu 'yan daba suka far musu. Suka harbi Eric a ka, yana kwance yana kallo suka yi wa Shelly fyaɗe suka kashe ta. Bayan shekara guda hankaka ya taso shi daga kabari, ya riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Hankakansu baƙi ne wuluk, ba irin namu mai farin ƙirji ba. Masu son fim za su tuna wanda aka fitar a 1994, wanda Brandon Lee ɗan Bruce Lee ya fito a matsayin Eric, kuma ya rasu a 1993 ana cikin ɗauka, sakamakon harbi da bindigar wasan.

Na fara karanta shi ina aji uku a jami'a, a kwamfutar abokin ɗakina. Wallahi lokacin daɗi kawai nake ji. Duk wanda Eric ya kashe sai na ce yawwa, ƙara masa. Shafukan da yake tuna Shelly kuwa tsallake su nake yi, ina sauri in kai wurin faɗa.

Karatu na biyu daban ne, kuma sai na gaya muku dalili.

Shekara biyu da suka wuce, wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, tifa ta kaɗe ɗan baffana a kan babur. Tare muka tashi, tabarma ɗaya muka kwana, saura wata biyu ɗaurin aurensa. Kafin in isa wurin an lulluɓe shi da zani. Mutane sun kewaye motar, wani yana cewa a kawo fetur. Direban ya gudu, yaron mota aka kama, bai fi shekara sha bakwai ba, yana kuka yana rantsuwa ba shi ke tuƙi ba. Ni da nake tara matasa ina musu lacca kan ɗaukar doka a hannu, na duba sai ga dutse a hannuna. Ban san lokacin da na ɗauka ba. Wani dattijo mai sayar da rake ne ya shiga tsakani, ya rungume yaron ya ce sai dai a haɗa da shi. Da haka aka samu 'yan sanda suka iso.

Bayan sadakar bakwai barci ya ƙaurace mini, na sake buɗe littafin a waya. Sai na ga ashe shafukan da nake tsallakewa su ne littafin. O'Barr ya zana wuraren kisa da layi mai kaushi, baƙi ya cika ko'ina. In aka zo tuna Shelly sai hannunsa ya yi laushi, haske ya shigo, ka ga mutum biyu suna wasa da dariya a gidansu. Kana juya shafi sai ka ga Eric shi kaɗai a gidan, yana yanka jikinsa don zafin ciki. Ya kashe na farko, ya koma gida, Shelly ba ta nan. Ya kashe na biyu, haka. Da ya gama da su duka, makabarta ya nufa, wurin kabarinta. Shi kansa O'Barr ya sha faɗa a hira cewa ya zaci zanen zai warkar da shi, amma sai ya ƙara jefa shi cikin ƙunci.

Kuma fa mu ma muna da namu. Wanda ya yi Hausa a sakandare zai tuna Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, tun shekarun 1930. Attajiri Malam Shehu ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab da ƙarfin dukiya. Abubakar ya bar gida ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ya samu, ya sauke shi a kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yaro ya zama ɓarawo, ƙarshe ya kashe ubansa. To Abubakar ya samu Zainab? Bai samu ba. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba su ce wa take ƙonawa ba.

Abin da ya sa na kawo zancen nan, ku duba faɗan daba a unguwannin Kano. An sari na wannan unguwa, gobe a je a sari na waccan, sau da yawa ma wanda aka sara bai san abin da aka yi ba. Kowa a cikinsu gani yake shi ne Eric. Amma Eric mamaci ne, ba shi da uwar da za ta yi jigilar kai masa abinci gidan yari. Kai kana da ita.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na huce ba. Har yau in na ga tifa gabana faɗuwa yake, kuma har yau ban yafe wa direban nan ba, ko da yake Baffa ya ce shi ya bar wa Allah. Abin da na sani kawai, da na jefa dutsen nan, da yanzu gawa biyu nake gani in na rufe ido.

Wanda ya kai shekara sha takwas ya nemi littafin ya karanta, kuma don Allah kar ya tsallake shafukan Shelly kamar yadda na yi. Wanda kuma ke ɗauke da irin wannan nauyi, ya samu wani babba da ya yarda da shi ya amayar masa, kar ya bari ya kwana da shi shi kaɗai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mun haɗu a shiri na gaba.