Ma'aunin Cikin Tanki: Jawabi ga Ɗaliban Aikin Injiniya



Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a masana'anta ido ba ya ko ganin abin da zai kimanta, domin fetur da siminti da hatsi duk a rufe suke cikin tankuna da rumbunan ƙarfe. Ma'aikaci yana zaune a ɗakin kula da injuna, abin da allo ya nuna masa shi ne iyakar saninsa. Saboda haka maganata a yau ta tsaya ne kan na'urorin da ke faɗin inda kaya suka kai cikin mazubi.

Mafi daɗewa a cikinsu shi ne ƙwallon da ke iyo bisa ruwa, irin wanda ke rufe famfo a tankin gida. Akwai kuma wadda ke auna yadda ruwa ke danne gindin tanki, sai dai idan ruwan ya yi zafi ya rage nauyi, lissafinta ya karkace. Wata kuwa sauti take aikawa daga sama, ta jira amsa-kuwwa, ta ƙidaya lokacin da ya ɗauka. Amma gudun sauti yana sauyawa da zafin iska da tururi. Shi ya sa manyan ma'adanan mai suka karkata ga rada, wadda ke aika igiyar rediyo, tururi bai cika damunta ba.

Busasshen kaya ya fi wuyar sha'ani. Ruwa yakan kwanta daidai wa daida, amma duk wanda ya taɓa zuba gero a rumbu ya san tsibi yake yi, tsakiya ta yi tsini. In an ɗiba ta ƙasa kuma, sai tsakiyar ta lotsa kamar mazurari. Na'ura ɗaya tana iya cewa rumbu ya cika ko ya yi rabi, gwargwadon inda aka kafa ta, ga kuma ƙura da ke shaƙe sauti.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen littafi ne kawai. A Buncefield, wani babban ma'adanin mai da ke arewa da Landan a ƙasar Ingila, ana ɗura fetur cikin tanki mai lamba 912 a daren da za a wayi gari Lahadi, 11 ga Disamba 2005. Wajen ƙarfe uku na dare ma'aunin tankin ya maƙale. Allo ya ci gaba da nuna lamba ɗaya, alhali kuwa fetur sai hawa yake. Ƙararrawar gargaɗi ba ta kaɗa ba, domin da wannan ma'aunin ta dogara. Fetur ya yi ta malala ta saman tankin, fiye da lita 250,000, tururinsa ya mamaye wurin, kuma jim kaɗan bayan ƙarfe shida na safe ya fashe. Mutane fiye da 40 suka ji rauni, wutar ta yi kwanaki tana ci. Ba a rasa rai ba, watakila don safiyar Lahadi ce, ofisoshin da ke maƙwabtaka babu kowa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne abin da bincike ya tono. Ma'aunin nan ya maƙale sau 14 tun daga ƙarshen watan Agusta, ana lallaba shi ya koma aiki, ba a bi diddigin dalili ba. A ganina nan ne laifin ya fi girma, domin sabo da na'ura mai ƙarya ya fi rashinta haɗari. Bugu da ƙari, akwai na'ura ta biyu mai zaman kanta, wadda aikinta kawai ta datse bututu idan tanki ya kusa cika. Tana da wani hannu na gwaji wanda dole a sa masa kwaɗo ya riƙe shi a mazauninsa na aiki. Masu kafa ta da masu amfani da ita ba su fahimci amfanin kwaɗon ba, aka bar hannun sakaka, fetur ya zo ya wuce ta ba ta motsa ba.