Kyauta Daidai Ƙarfi: Jawabi Ga 'Yan Ajin Yaƙi Da Jahilci

Yau maganarmu a kan kyauta ce, wadda abokan aiki ke yi wa juna lokacin buki. Da yawa daga cikinku kuna da 'ya'ya ko ƙanne masu aiki a birni. Wasunku kuma kukan tafi cin rani, ku yi aiki tare da mutane iri iri. Saboda haka ya kamata ku san wannan al'ada, ku san kuma yadda mutum zai fita kunya ba tare da ya ci bashi ba.

Al'adar ta yi ƙarfi a Amurka da Ingila. A can babban bukinsu shi ne Kirsimeti, ran 25 ga Disamba. In bukin ya matso, sai ma'aikatan ofis ko masana'anta su taru. Kowa ya rubuta sunansa a 'yar takarda, ya naɗe, a zuba cikin hula. Sa'an nan kowa ya sa hannu ya ɗauki ɗaya. Wanda ka ɗauki sunansa, shi za ka saya wa kyauta, amma ba za ka gaya wa kowa ba. In ka ɗauko sunanka, sai ka mayar ka sāke ɗauka. Su kan kira wannan Secret Santa. A Jamus sunansa Wichteln, a Birazil kuwa amigo secreto, watau ɓoyayyen aboki. Yanzu wasu ofisoshi na Legas da Abuja sun ɗauki al'adar, Musulmi da Kirista suna yi tare.

To, ina hikimar abin? Ku yi lissafi. A ce mutum 12 ke aiki wuri ɗaya. In kowa zai yi wa kowa kyauta, kowane mutum sai ya sayi abu 11. Amma ta wannan hanya abu ɗaya kurum zai saya, shi kuma ya sami ɗaya. Ba wanda aka manta da shi. Hikima ta biyu ta fi ta farko. Tun kafin a ɗauki suna, akan yanka iyakar kuɗi, a ce kada kowa ya wuce kaza. Da babban akawu da masinja duk iyakarsu ɗaya.

Mu ma kyauta ba baƙuwarmu ba ce. Muna da goron Sallah, muna da tsaraba, muna da gudummawa. Mata kuma sun san biki: ƙawarki ta kawo miki ran suna, ran nata ke ki ninka mata. Abu ne mai kyau, yana ƙarfafa zumunci. Amma kowa ya san inda ninki ke kaiwa. Ana nan ana ninkawa, har mace ta sayar da akuyarta, ko ta ci bashi, don kada a yi da ita. Abin da aka fara don ƙauna sai ya koma nauyi. Yanka iyaka shi ne maganin wannan. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Yanzu ga yadda za ka zaɓi kyautar.

Na farko, tsaya a kan iyakar da aka yanka. A ce an yanka naira 3,000. Kada ka sayi abin 10,000 don a yabe ka. In ka yi haka ka kunyata wanda ya tsaya a kan alkawari, kuma ka sa baɗi kowa ya ji tsoron shiga. Kada kuma ka kawo abin naira 200, ka ce ai ba wanda zai sani. In kuwa ka ga ko iyakar ta fi ƙarfinka, faɗi tun da wuri, kafin a zuba sunaye. Ba abin kunya ba ne. Watakila akwai mutum uku a wurin da ke jiran wani ya fara faɗa.

Na biyu, fara tanadi da wuri. Naira 500 kowane mako, mako 6, ga 3,000 ta cika. Kada ka taɓa kuɗin hatsi, ko na maganin yara, ko na taki. Kuma ku duka kun san kaya kan yi tsada a kasuwar jajibere. Mai saye da wuri shi ke samun sauƙi.

Na uku, san mutumin. A shekarar 1993 wani masanin tattalin arziki a Amurka, Joel Waldfogel, ya tambayi ɗalibai a jami'ar Yale game da kyautar da aka yi musu lokacin buki. Ya gwada kuɗin da aka sayi kayan da darajar da kayan ke da ita a idon waɗanda aka ba. Ya tarar ana hasarar tsakanin kashi ɗaya cikin goma da kashi ɗaya cikin uku. Watau abin 3,000 yana iya zama na 2,000 a wurin mai karɓa. Ya kuma tarar kyautar abokai na kusa ita ta fi dacewa, ta dangi na nesa ita ta fi kuskure. Dalili a fili yake: na kusa ya san abin da kake bukata. Saboda haka ka buɗe ido kwana biyu. Mai gadi ne? Tocila. Mai zuwa aiki a kan keke ne cikin hunturu? Safar hannu ko hular sanyi. Mai shan shayi ne? Kofi mai murfi. Mai koyon karatu ne kamarku? Littafin rubutu da alƙalami.

Na huɗu, kada ka raina abin gida. Mutumin birni yana sayen zuma da tsada, kuma sau da yawa gauraye ne. Kwalbar zuma tsantsa daga ƙauye, ko man shanu, ko ƙuliƙuli, ko faifai mai ado, ko tabarmar kaba, duk suna faranta masa rai fiye da abin kanti. Ka wanke kwalbar, ka naɗe kayan cikin takarda mai tsabta, ka rubuta sunansa da hannunka. Ga amfanin zuwa aji ke nan.

Na biyar, akwai abin da ba a bayarwa. Kada ka ba mutum abin da addininsa ya hana shi. Kada ka ba mai ciwon sukari alewa ko zuma. Kada ka sayi takalmi ko riga in ba ka san awonsa ba. In sunan matar aure ya faɗo maka, kai namiji, zaɓi abin amfanin gida, kamar kwano ko faranti, kada turare ko kayan ado, don kada a ɗauka toshi ne. In kuma sunan shugabanka ka ɗauka, saya masa daidai da na kowa. Abin da aka ba babba don a sami ƙarin girma ba kyauta ba ne, toshiyar baki ce.

Saura mai karɓa. Karɓi abin da aka ba ka da hannu biyu, ka yi godiya, ko da ba shi ka so ba. Kada ka tambayi kuɗinsa, kada ka gwada shi da na wani. Ba ka san abin da mai bayarwa ya hana kansa ba kafin ya saya.

Ku ma kuna iya gwada wannan a ajinku kafin Sallah. Kowa ya rubuta sunansa da kansa, ku yanka iyaka daidai da ƙarfin mafi ƙarancinku, ko goro biyar ne. Wanda ya ɗauki takarda sai ya karanta sunan shi kaɗai, don in ya kai wa malam ya karanta masa, asiri ya tonu. Saboda haka ku dage da karatu.

Allah ya ba mu abin yin alheri, ya tsare mu da bashi. Amin.