ABIN DA KWALTA KE RUFEWA



An nemi mu yi magana a kan zaman aiki a kamfanin injiniyoyi masu gina hanyoyin mota. Abin da muke so mu tabbatar muku a yau shi ne, ingancin hanya yana rataye ne a kan abu guda, watau ko ƙaramin ma'aikaci yana da damar gaya wa babba cewa aiki bai yi ba, kuma a saurare shi.

Kafin mu kai ga mutane, sai mu fara da ita hanyar kanta. Kwaltar da kuke gani baƙa wuluk, kaurinta bai wuce 'yan santimita ba. A ƙarƙashinta akwai dakakken dutse, ƙarƙashinsa marmara, can ƙasa kuma ƙasar wurin ta asali wadda aka share aka daddaɓe. Ana zuba marmara ne hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, rola ta bi ta kai ta yi ta kai da kawowa har ta danne. In ruwa ya yi kaɗan ƙasa ba za ta kama ba, in ya yi yawa ta zama taɓo. Tun 1933 wani injiniya a Amurka mai suna Proctor ya fito da hanyar auna wannan. A filin aiki, ma'aikacin ɗakin gwaji yakan haƙa ɗan rami a hawan da aka daddaɓe, ya auna nauyin ƙasar da ya kwaso, ya cika ramin da yashin da aka san nauyinsa, da haka zai gane ko dannuwar ta kai yadda aka rubuta a takardar kwangila. Kankaren kwalbati kuwa, ana ɗibar samfurinsa a murƙushe a inji bayan kwana 7 da kwana 28.

To, jama'a, da zarar an malala kwalta, duk wannan ya ɓuya. Gwamnan da zai yanke ƙyalle ba zai gani ba, direban tifa ba zai gani ba. Damina ce kaɗai ke tona asiri, ita kuwa ba ta karɓar goro.

Dalili kuwa shi ne nauyi. Gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya takan ninka wajen sau 16. Ku tuna da tirelolin siminti da tankokin mai da ke tasowa daga Legas zuwa Kano. Hawa ɗaya da aka yi wa ha'inci ya isa ya buɗe wa ruwa ƙofa, sauran aikin kuma tirela ta ƙarasa.

Yanzu sai mu shiga cikin kamfani. Akwai manajan aiki, akwai injiniyan fili, akwai safiyo, akwai helma da leburorinsa, akwai masu tuƙa gireda da rola da katafila, akwai kuma yaron ɗakin gwaji wanda galibi shi ne ƙarami a shekaru da albashi. Alal misali, a ce sakamakon gwaji ya fito da la'asar, bai kai ba, ga motocin dutse sun yi layi, ga ranar buɗe hanya an riga an sanar. Abin da ya kamata shi ne a tayar da hawan nan a sake daddaɓewa, a yi asarar kwana biyu. A kamfanin kirki, yaron nan zai kai takardarsa, manaja ya ɓata rai amma ya ba da umurni a sake. A wani kamfanin kuwa, za a ce masa, "Kai yaro, yaushe ka zo?" Gobe ba zai ƙara kawo irin wannan takarda ba, zai koyi rubuta lambar da ake so. Tarbiyyarmu ta girmama na gaba abin alfahari ce, amma a wurin aiki dole a raba ladabi da shiru a kan ɓarna. Ana iya rusunawa a ce, "Ranka ya daɗe, gwajin bai kai ba."

Haka kuma, kamfanin da ke riƙe albashin lebura wata biyu, ko ya tura shi kan kwalta mai zafin da ya haura digiri 140 ba takalmi, kada ya sa ran leburan nan zai damu da abin da aka binne. Tsohon direban rola yakan ji a jikinsa in ƙasa tana motsi ƙarƙashin ƙarfe, tun kafin ɗakin gwaji ya ce komai. In ba a saba tambayarsa ba, iliminsa ya tafi a banza.

Sai dai kuma ba adalci ba ne mu ɗora wa kamfani laifi duka, domin halin gwamnati yana shiga har cikin filin aiki. Kamfanin Julius Berger ya shigo Nijeriya a 1965 don gina gadar Eko a Legas, shi ne kuma ya kammala babbar gada ta uku, mai tsawon kilomita 11.8, a 1990. A ƙarshen 2017 aka ba shi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wajen kilomita 375, a kan kimanin naira biliyan 155. A 2021, bayan an mai da aikin daga gyara zuwa sake gini, kuɗin ya koma wajen biliyan 797. A 2024 Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta soke kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna saboda saɓani a kan farashi. Ba mu zo yanke hukunci tsakaninsu ba. Darasin shi ne, in ba a daidaita tsarin aiki da kuɗinsa tun farko ba, gogaggen kamfani ma zai kwashe shekaru a hanya ɗaya, matafiya suna shan wahala. Tun ran gini, tun ran zane.

Saboda haka, ku da za ku zauna a ofisoshin ma'aikatu, sa hannunku a takardar biya shaida ce cewa an yi aiki. Ku je fili, ku nemi sakamakon gwaji, ku duba magudanar ruwa. Dokar kwangilolin gwamnati ta 2007 ta ba ku madogara, hukumar COREN da aka kafa a 1970 kuma tana da ikon soke rajistar injiniyan da ya ci amana. Amma in an yi aiki mai kyau, kada ku danne fayil kuna jiran a gaishe ku, domin jinkirinku zai ƙare ne a tukunyar matar lebura.

Ku kuwa ɗalibai, kamfanin da kuka fara aiki a cikinsa shi zai tanƙwara ku tun kuna ɗanyu. Ranar da kuka je neman aiki, bayan tambayar albashi, ku tambayi ma'aikatan wurin yaushe rabon da a tayar da hawan marmara saboda maganar ɗakin gwaji. Amsar da kuka samu za ta gaya muku irin injiniyan da za ku zama a can.

Allah ya sa mu riƙe amana.