Jawabin Jubili: Nauyin Kalmar "Amin"



Bari mu duba kalmomin da muke furtawa kullum. In muka ce "muna zato" ko "muna tsammani", mun bar wa shakka ƙofa ke nan. In muka ce "mun tabbata", mun rufe ƙofar. "Dogara" kuwa, tsoho mai sanda ya fi mu saninta, gama dukan nauyinsa yakan ɗora a kan sandar. "Bangaskiya" daga ba da gaskiya take, wato mutum ya karɓi magana ya tsaya a kanta.

Wadda ta fi su nauyi ita ce "Amin". Asalinta Ibrananci ne, tushenta kuwa yana nufin abin da ya kafu daram. Amana, aminci da amintacce, waɗanda Hausa ta aro daga Larabci, duk danginta ne. Saboda haka wanda ya ce "Amin" ya ɗauki amana.

To, sau nawa muka amsa "Amin" a ranar ɗaurin aure, ko baftisma, ko alkawarin baiko, alhali "za mu gani" ne a zuciyarmu? Iyayenmu da suka kafa wannan ikkilisiya sun faɗa, sun kuma cika. Shi ya sa muka taru yau. 'Ya'yanmu suna sauraro, suna kuma kallon ayyukanmu.

Ubangiji ya ba mu ikon cika abin da bakinmu ya amsa. Amin.