DARASIN YAƘIN GWALALO: JAWABI A KAN TSARIN AIKI TARE CIKIN ƘUNGIYA

 



Abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne yadda za a shigar da tsarin aiki tare cikin ƙungiya, tun daga hedkwata har zuwa ƙaramin reshe na ƙauye. Babu wanda yake jayayya cewa haɗin kai wajibi ne, kuma kowa ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai masu ɗaukar jinka ma, in kowa bai san ɓangaren da zai kama ba, a ƙasa za a bar ta, ko ta karye a hannunsu. Haɗuwar zukata ni'ima ce daga Allah, amma haɗuwar aiki sai an zauna an tsara ta.

Mu ɗauki misali da reshen da ya shirya wa'azi. A wurin taro aka ce a nemo lasifika, a tanadi masaukin malamai, a sanar da hukuma, a ɗauko janareta. Kowa ya ce madalla, aka yi addu'a aka tashi. Ranar wa'azi ta zo, lasifika biyu sun iso, janareta kuwa babu, malamai suna tsaye a tasha ba wanda ya je tarbarsu. A cikin mutanen nan babu munafuki, babu malalaci. Abin da ya cuce su shi ne wannan ɗan harafi na "a" da suka ɗora wa ayyukan, domin "a yi" ba shi da suna, ba shi da gida, ba a kuma iya kiransa a tambaye shi ina aka kwana.

Ya ku 'yan'uwa, maganin wannan yana nan cikin tarihin Manzon Allah (S.A.W.). A shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya, rundunonin ƙawance kimanin mutum 10,000 suka nufo Madina, Musulmi kuwa ba su wuce 3,000 ba. Manzon Allah (S.A.W.) ya tara sahabbai ya nemi shawara. Salmanul Farisi (R.A.), mutumin Farisa wanda bai daɗe da samun 'yancinsa daga bauta ba, ya kawo dabarar mutanen ƙasarsu ta haƙa gwalalo, abin da Larabawa ba su saba yi a yaƙi ba. Aka karɓi shawararsa, aka tsayar cewa za a haƙa ta arewacin gari inda yake buɗe, tun da sauran sassan duwatsu da gonakin dabino da gidaje sun kare su.

To, ku lura da yadda aka raba aikin. Malaman sira sun ruwaito cewa kowane mutum 10 an yanka musu zira'i 40. Ke nan kowace ƙungiya ta san inda rabonta ya fara da inda ya ƙare, kuma da za a ga wani wuri bai yi zurfi ba, an san waɗanda za a tambaya. Manzon Allah (S.A.W.) da kansa yana haƙa yana ɗaukar ƙasa cikin sanyi da yunwa. Da wasu suka ci karo da dutsen da ya gagari kayan aikinsu, ba su ɓoye ba, ba su kuma kauce wa layin da aka shata musu ba, sai suka kai masa labari ya zo ya fasa shi. Haka nan a ƙarshen yaƙin, daren da aka aiki Huzaifa ɗan Yamani (R.A.) ya gano halin da abokan gaba suke ciki, an umarce shi kada ya tayar da komai. Ya ga Abu Sufyana a inda kibiya za ta same shi, amma ya tuna iyakar aikensa, ya kame hannunsa ya komo da labari.

Shekara 2 kafin wannan an sha ɗacin akasin haka a Uhudu. An tsayar da maharba 50 a kan tudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu (R.A.), aka ce kada su bar wurin ko wane hali ake ciki. Da suka ga alamar nasara, mafi yawansu suka sauko, suna zaton yaƙi ya ƙare. Khalid ɗan Walidu, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya kewayo da dawakai ta wannan kafa, aka rasa sahabbai kimanin 70, cikinsu har da Sayyidina Hamza (R.A.). Allah Ya yafe musu kamar yadda Alƙur'ani ya bayyana, kuma ba mu ambace su don zargi ba. Mun ambace su ne domin mu ga cewa mutanen kirki masu kyakkyawar niyya, in suka bar wurin da aka tsayar da su, jama'a duka ce take ɗaukar hasarar. Wani abin lura kuma, fita zuwa Uhudu ra'ayin masu rinjaye ne a wurin shawara, alhali Manzon Allah (S.A.W.) ya fi son a tsaya cikin gari. Duk da abin da ya biyo baya, ayar da ta umarce shi da yin shawara da su tana cikin ayoyin Suratu Ali Imrana da suka sauka game da Uhudun. Saboda haka shugaba ba shi da hujjar rufe ƙofar shawara don wata shawara ta taɓa zuwa da hasara.

Daga waɗannan darussa muke kira ga kowane sashe na ƙungiya, majalisar malamai da kwamitin gudanarwa da 'yan agaji da sashen mata da masu kula da makarantun Islamiyya, da su riƙi abubuwa biyar.

Na farko, kada a tashi daga taro sai kowane aiki yana da sunan mutum ɗaya da ranar da zai kammala shi. In aikin na mutum biyar ne, a ambaci wanda za a tambaya a cikinsu.

Na biyu, a yi shawara kafin a yanke magana, kuma shugaba ya zama na ƙarshen faɗin ra'ayinsa. Mun san al'adarmu ta kunya da girmama na gaba: in malam ya riga ya yi magana, ɗalibinsa ba zai saɓa masa ba, ko da shi ne ya san hanyar ƙauyen da za a je. A fara jin ƙananan, domin mai yiwuwa Salmanun wannan zama yana can bakin ƙofa wajen takalma.

Na uku, in an yanke magana kowa ya tsaya a tudunsa. Wanda ra'ayinsa bai yi rinjaye ba ya yi aiki da abin da aka tsayar, ya ajiye ƙorafinsa sai zama na gaba. Zama na biyu da ake yi a zaure bayan an tashi taro shi ne tsaguwar bangon da ƙadangare yake jira.

Na huɗu, sakatare ya rubuta abin da aka tsayar, a karanta shi a farkon zama na gaba, a bi ayyukan ɗaya bayan ɗaya. Kuɗi kuwa kada su fita sai da sa hannun mutum biyu da rasit, domin wannan kariya ce ga mutuncin ma'aji kafin ta zama kariya ga asusu.

Na biyar, kowane mai muƙami ya kasance da mataimakin da ya san aikinsa. A Yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, tun kafin runduna ta bar Madina aka ambaci Zaidu ɗan Harisa, bayansa Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi, bayansa Abdullahi ɗan Rawaha, Allah Ya ƙara musu yarda. Bai kamata makaranta ta tsaya ba don mai riƙe da mabuɗi da rajista ya tafi Hajji.

Saura tambaya: yaya wannan tsari zai kai ga dukkan rassa? Takardar umarni daga hedkwata ita kaɗai ba ta sauya ɗabi'a, ana karanta ta ne a ninke a sa a aljihu. Muna da abin koyi a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, sai ta zaɓi mata dattijai amintattu ta karantar da su, ta naɗa su jajoji, ta ba kowacce malfa a matsayin alamar muƙaminta. Su ne suke jagorantar 'yan taru su zo gare ta su ɗauki karatu, su koma garuruwansu su koyar. Tsarin ya ci gaba bayan rasuwarta domin ta gina shi a kan mutanen da ta horar.

Haka ya kamata mu bi. Kwamitin ƙoli ya fara aiki da waɗannan abubuwa biyar a zamansa, kamar yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya ɗauki ƙasa tare da masu haƙa. Sa'an nan kowace jiha ta zaɓi reshe ɗaya ko biyu a jarraba na wata uku, a aika mutum biyu daga maƙwabtan rassa su zauna su gani da idonsu, su koma su kafa a nasu. Bayan kowane babban aiki a zauna a yi bita, a tambayi abin da ya yi kyau da inda aka sami giɓi, ba tare da kunyata kowa ba, domin wanda aka tozarta yau gobe ɓoye dutsensa zai yi.

Za a sami masu cewa rubuce-rubuce da sa hannu alamar rashin yarda da juna ce. Mu amsa musu da taushin harshe cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai.

Muna roƙon kowane shugaban reshe da ke nan, a zamansa na farko bayan ya koma, ya buɗe littafi ya ja layi uku: aiki, mai aiki, rana. Allah Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, Ya tsarkake niyyoyinmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana. Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.