Ranar da sama ta ƙone mini a Riruwai

Yau zancen saita haske a kyamara za mu yi, kuma da wata asara tawa zan fara.

Watan Agusta ne, tsakiyar damina. Na tashi daga Kano da asuba, na bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore, na isa Riruwai da hantsi. Duwatsu sun yi kore shar, gajimare ya taru a kansu. Na bar kyamara a Auto ina ta dannawa. Da na dawo gida na buɗe a kwamfuta, wallahi sai da gabana ya faɗi. Dutse ya fito, amma sama fari fat kamar takarda. Gajimaren da na tsaya dominsa babu shi. Kuɗin mota ya tafi, yini ya tafi.

To me ya faru? Kyamara tsaka-tsaki take nema. Dutse da bishiyoyi masu duhu sun cika hoton, sai ta ƙara haske don su fito, sama ta ƙone. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a Lightroom, musamman in RAW ka ɗauka. Wanda ya ƙone kuwa, babu komai a cikinsa da za a dawo da shi.

Ga yadda nake yi yanzu. In juya zuwa A, a Canon Av ne. ISO 100. Ƙofar haske f/8 ko f/11, don ciyawar gabana da dutsen nesa su fito tas tare. Sai in danna maɓallin +/- in sauke zuwa -1. Kuma na daina yarda da sikirin, cikin rana ƙarya yake yi. Histogram nake dubawa, wannan zanen mai kama da tudu. In ya manne a bangon dama, sama ta fara ƙonewa, sai in ƙara saukewa.

Amma fa kar ka ɗauki -1 ɗin nan kamar karatun allo. Je dam ɗin Tiga da hunturu, hazo ya rufe, ruwa fari, sama fari. A nan kyamara rage haske take yi, komai ya fito toka-toka, kwalekwalen masunta ya zama baƙin tabo. Sai ka haura +0.7 ko +1.

In a hannu kake riƙe da ita, kar shata ta sauka ƙasa da 1/125. In yamma ta yi ta sauka, ɗora kyamarar a kan dutse, ko ka ɗaga ISO zuwa 400.

Masu waya, ban manta da ku ba. Yawancin wayoyi ba a canza musu ƙofar haske. Taɓa sama a sikirin, ka ja alamar ranar nan ƙasa har gajimare ya dawo, sannan ka danna.

Wanda ya gwada ya turo mana hoton mu gani. Sai mun haɗu a shiri na gaba.