Jinin Da Ke Kuka Daga Gona

Karatu: Farawa 4:8-24



Yau 3 ga watan Yuni. Mu mutanen ƙasar Zuru ba ma bukatar a tuna mana da wannan rana. Ranar Alhamis, 3 ga Yuni 2021, 'yan bindiga a kan babura suka auka wa ƙauyukan Danko-Wasagu, cikinsu har da Koro, Kimpi, Gaya, Dimi, Zutu da Rafin Gora. 'Yan sanda sun ƙidaya gawa 88. Farkon damina ne, lokacin da hankalin kowa yana kan shuka. Bayan mako biyu, ranar 17 ga Yuni, aka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, wasu 'yan matan kuwa sai a 2023 suka komo gida. A watan Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, fiye da 60 suka mutu.

Mu da muke cikin garin Zuru mun ga waɗanda suka tsere suna shigowa da tabarma a ka, da yara a goye. Har yau akwai gidajen da uwa takan auna tsaba, sai ta tuna baki ɗaya ya ragu.

To, yaya mai bi zai tuna da irin wannan rana?

A karatunmu, a saura Kayinu ya kashe Habila, inda ba mai gani. Amma Allah ya gani. Ya faɗa wa Kayinu cewa jinin ɗan'uwansa yana kai ƙara gare shi daga ƙasa. Wannan ta'aziyya ce a gare mu. Jarida ta rubuta 88, ta wuce zuwa wani labari. Allah kuwa ya san kowannensu da sunansa, da gonarsa, da wanda ya bari. Gwauruwa, kukanki ya kai. Maraya, an ji ka. Babu jinin da ƙasa za ta shanye har Mai Shari'a ya manta.

Sai dai mu lura da abin da Allah ya yi bayan haka. Ya hukunta Kayinu, ya raba shi da albarkar gona, ya mai da shi mai yawo. Duk da haka ya sa masa alama domin kada wani ya kashe shi. Hukunci yana nan, amma Allah ya riƙe shi a hannunsa. Da zuriyar Kayinu ta kai kan Lamek, sai ga mutum yana fariya gaban matansa cewa ya kashe wanda ya yi masa rauni, ramuwarsa kuma za ta kai saba'in da bakwai. Haka jini yake haihuwar jini. A Matiyu 18 Yesu ya ɗauki irin wannan lissafi ya ba Bitrus, ya mai da shi lissafin gafara.

'Yan'uwa, wannan magana tana da nauyi, mun sani. Tsare gida ba zunubi ba ne. Neman hukuma ta kama masu laifi ta hukunta su hakkinmu ne, kada mu gaji da nema. Amma ranar da muka ga Bafillace a kasuwa muka ɗora masa laifin da bai yi ba saboda harshensa, ranar mun shiga gidan Lamek. A ƙasarmu gida ɗaya yakan haɗa Kirista da Musulmi, makoki kuma tare muke zama. Kada mu bar wa 'ya'yanmu gadon gaba.

Bari tunawarmu ta zama da hannu da ƙafa. Kowace ikkilisiya ta san gwaurayenta. Zumuntar mata ta kai ziyara wannan mako. Matasa su yi gayya a gonar da mai ita ya rasu. Mai hali ya biya kuɗin makarantar maraya ɗaya. A ambaci sunayen matattunmu a sujada, kada su zama lamba kawai.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, kai da ka ji kukan jinin Habila, ka dubi ƙasar Zuru. Ka share hawayen masu makoki. Ka komo da waɗanda suke hannun miyagu. Ka ba shugabanni zuciyar adalci, ka juyo da masu kisa zuwa tuba. Ka tsare zukatanmu daga ramuwa, ka bar mu mu yi shuka mu girbe lafiya. Cikin sunan Yesu, Amin.